Yadda Za Ka Hana Ƙaramar Motarka Shan Mai Kafin Matarka Ta Haihu

Ɗan'uwa mai ƙaramar mota, gyara zama. Idan ka bi matakan da zan jero maka ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari motarka za ta rage shan mai har ma'aikatan gidan mai su fara tambayar ko lafiya kake. Ban ce wataƙila ba, ni ba na harka da wataƙila. A kan motata na gwada, a gaban iyalina, kuma dukkanmu muna nan da ranmu.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin fenti, aikina kenan tun safe har yamma in san abin da ya shigo da abin da ya fita. Mutumin da ake tsare shi a kan rabin gwangwanin fenti ba zai zuba ido fetur ya riƙa ɓacewa a tankinsa ba.

Mataki na 1: Samo dalilin da ba mai iya ja da shi

Wanda ya kama kwance motarsa haka kawai, taɓaɓɓe ake ce masa. Wanda ya kama kwance ta da dalili kuwa, mai tattali ne. Saboda haka kafin ka taɓa ko noti ɗaya, nemi dalili.

Nawa dalilin shi ne matata tana da ciki na biyu. Lokacin haihuwar 'yarmu ta fari, Ummi, kamfani ya tura ni wani reshe ƙirgar kaya. Maƙwabta suka kai ta asibiti a motar haya, ni kuma a waya na ji labari, ina tsaye a tsakanin gwangwanaye. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk sanda zancen haihuwa ya taso takan ce, "Lokacin Ummi, da na waiga ban ga kowa nawa ba..." sai ta ci gaba da ninke kaya.

To wannan karon na zaunar da ita na ce, "Ni zan kai ki. Da hannuna, a motata, kuma ina bakin ƙofa, ni ne farkon wanda zai ji."

Ta ce, "Allah ya sa, Baban Ummi."

Na ce, "Amin. Amma ki riƙe ni da wannan maganar."

Ta ce, "Na riƙe ka."

Don haka na sayi motar, ƙarama, mai ƙofa huɗu, wadda ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannuna. Jariri kuma yana zuwa da hidima, duk ɗigon man da ka ceto nasa ne. Ka ga kenan duk abin da za ka yi daga nan zuwa ƙasa domin ita da abin da ke cikinta kake yi. Ka riƙa maimaita wannan a zuciyarka, za ka buƙace shi.

Mataki na 2: Samo bakaniken da ba ya musu

Bakanike iri biyu ne. Akwai mai tambayar "me ya sa?", wannan ka rabu da shi tun da wuri, ɓata maka lokaci zai yi. Na farkon da na je wurinsa na ce ya cire mini esi, sai ya ajiye sifana ya tsaya yana kallona, wai ai ba sai an cire ba, kashewa kawai zan yi. Mutum bai san jaraba ba.

Wanda kake nema shi ne irin nawa, wanda duk layin gareji ke kiransa Ba-Matsala. Rumfarsa ta kwano ce, bencin baƙinsa kujerar wata mota ce da ta riga mu gidan gaskiya, kuma ban taɓa ganin ya ɗago kai daga cikin inji kafin ya amsa magana ba.

"Ina so a cire esi gaba ɗaya, da bututunsa."

"Ba matsala."

"Da rediyo."

"Ba matsala."

"Ba zai ɓata wani abu ba?"

"In ya ɓata ka dawo, yallaɓai. Ba matsala."

Irin wannan mutum ka riƙe shi hannu bibbiyu. Abin da ya cire kuma kada ka tambaye shi inda ya kai, ba ladabi ba ne.

Mataki na 3: Rage mata nauyi

Ga ilimin da ya fi kowanne: duk abin da ke cikin mota, mai yake sha. Ba shi da baki amma yana sha. Buɗe but ka duba da idon basira, za ka ga ashe tun tuni kana ciyar da 'yan zaman banza.

Fara da kafet. Bi da murfin taya, da jak, da ƙarfen kwance taya. Daga nan ka zo kan safaya. Ka tsaya ka yi tunani: taya ce cikakkiya, lafiyayya, tana kwance a baya ana yawo da ita gari-gari, ba ta taɓa juyawa ko sau ɗaya ba. Yawo da safaya mummunan zato ne ga sauran tayoyin huɗu, kuma mutumin kirki ba ya zato.

Sai kujerar baya. A nan ne za ka fara jin maganganu daga cikin gida, don haka ka shirya amsoshinka tun a hanya.

"Baban Ummi, ina kujerar baya?"

"Tana gareji."

"Me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Nauyi gare ta."

"Ummi fa, a ina za ta zauna?"

"Na shimfiɗa mata matashi. Yara sun fi son ƙasa."

Ta dafa cikinta ta ce, "Wannan fa?"

"Jariri ai a hannu ake riƙe shi."

Ka lura ban ɗaga murya ba. Mai gaskiya ba ya buƙatar hayaniya.

Gargaɗi guda: ranar da ka kai ta awo, aka ɗora ta a sikeli, nas ta faɗi abin da ta ƙaru, ƙwaƙwalwarka za ta yi lissafin da kanta, ba laifinka ba ne. Amma ka bar shi a ciki. Ni na faɗa a fili sau ɗaya, cikin raha ma, kuma har muka iso gida ba a sami wanda ya yi dariya ba.

Mataki na 4: Yi sulhu da iska

Iska ba ta son kusurwa, ba ta son rami, ba ta son abin da ya leƙo. Duk inda ta sami ɗaya sai ta riƙe motar ta baya, kai kuma ka biya da fetur.

Ɗauko salatif mai faɗi ka liƙe duk wata tsaga da ke gaban motar. Yanko kwali ka rufe rabin tayoyin baya. Cire madubin gefen fasinja, fasinja ba tuƙi yake yi ba. Idan kana da hali ka je wurin mai walda ya yi maka jela mai tsini a baya, ni da tsohon allon tallan kamfaninmu aka yi tawa, shi ya sa har yau duk wanda ya biyo ni yana karanta rabin sunan wani fenti. Mutane za su tsaya a bakin titi suna nuna ka. Ko a jikinka, su a ƙafa suke.

Gilashi kuwa a rufe, ruf. Na san ka cire esi, na san rana tana dukan kwano. Gumi kyauta ne, fetur saye ake yi.

Matata takan zauna a gaba tana fifita da katin awo, ta ce, "Don Allah sauke gilashin nan kaɗan." Na yarda da faɗin yatsa biyu, kuma a go-sulo kaɗai, inda iska ba ta da ta cewa. Aure sai da sassauci.

Da cikin ya tsufa surukata ta zo ta zauna da mu don ta taimaka. Ni na ɗauko ta daga tasha. Na ba ta kujerar gaba, matata ta hau matashin Ummi a baya. Muka yi nisa, zufa tana bin haɓar tsohuwar. Can ta waiga wajen 'yarta.

"Ke, tambayi mijinki, hatsari aka yi da motar nan?"

"A'a Inna, gyara ne."

"To Allah ya sa a gama lafiya."

Na ce amin, domin addu'ar manya ba a barinta ta faɗi ƙasa.

Mataki na 5: Ba tayoyi iska har su daina lanƙwasa

Taya mai laushi jan ƙafa take yi. Je wurin mai faci ka ce ya ƙara. Zai tsaya inda ya saba tsayawa, ka ce ya ƙara. Idan ka ga ya miƙa hannu daga nesa ya kau da fuska gefe, an kusa. Idan ya koma bayan injinsa ya tsuguna, an kai.

Daga ranar za ka san titin unguwarku sani na haƙiƙa, domin ko tsakuwa ka taka sai ta gaisa da ƙashin bayanka. Matata ta ce duk sanda muka hau titi abin cikinta sai ya juya. Motsin jariri alamar lafiya ce, a asibiti ma haka suka ce.

Mataki na 6: Ladabtar da ƙafarka ta dama

Babban ɓarawon mai ba a cikin inji yake ba, a cikin takalminka yake. Kada ka yarda da ƙafarka. Yau za ta yi maka biyayya, gobe wani ya wuce ka da gudu, zuciya ta ɗebe ta.

Je wurin kafinta ya yanko maka guntun katako mai kauri. Kai wa Ba-Matsala ya sa shi a ƙarƙashin totur, yadda duk takawar da za ka yi ba za ta wuce rabi ba. Kada ka yarda a ajiye shi haka kawai, ranar da jaraba ta zo da ƙafa za ka ture shi. A huda ƙasan motar a ɗaure shi da noti, a buga kan notin ya baje.

Za a yi ta danna maka hon. Masu keke za su wuce ka, wani ma ya waigo ya yi maka sannu. Ka amsa da fara'a.

Birki kuma ka ɗauke shi abin kunya. Duk takawa ɗaya, man da ka riga ka ƙona ne ka zubar a titi. In ka hango danja ta yi ja, tun daga nesa ka sa giya a furi ka riƙa silalowa, ka isa daidai lokacin da za ta ba da hannu. In ba ta bayar ba, to laifin masu saita ta ne.

Mataki na 7: San gangarar unguwarku

Fita ƙofar gida ka duba hagu da dama. Ba titin da yake a miƙe sak, kowanne yana da inda ya karkata, kuma wannan karkatar man kyauta ce da mutane ke takawa suna wucewa.

Ni Allah ya yi mini gata. Gidanmu yana tsakiyar wata doguwar gangara. Can ƙasa akwai kasuwa, da gidan mai, da shataletalen da ake bi a je wurin aikina. Can sama kuma tankin ruwan unguwa ne da asibiti. Da yamma sai in juya motar hancinta ya kalli ƙasa, in sa dutse a gaban taya. Da safe in zare dutsen, in faɗa ciki da sauri, ta silale da ni inji a kashe, ba ƙara ba hayaƙi. Sai na kusa ƙasa in sa giya ta biyu in saki kuloci, ta yi tari ta tashi.

Da ka kai wannan matsayi za ka gane ba ka buƙatar tayar da mota da makulli. In ba ka buƙatar haka, me ƙaton batir yake yi maka? Mayar da shi, a sa maka na babur, wanda zai iya da fitila da hon kawai.

Matata tana tsaye a ƙofa ranar da na dawo da ɗan batirin, hannu ɗaya a ƙugu.

"Baban Ummi, asibiti fa sama yake."

"Na sani."

"Motar kuma ƙasa take kallo."

"Komai da lissafinsa."

Ka riƙe wannan amsar. Gajera ce, kuma ba ta da wurin kamawa.

Mataki na 8: Gane cewa shi ma man nauyi ne

Wannan shi ne sirrin da ba kowa ke kaiwa gare shi ba, ni ma a sito ya faɗo mini, ina ɗaga jarkar tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Mutum ya cire kujera, ya cire safaya, sannan ya je ya cika tanki dam, ya riƙa ƙona mai don ya ɗauki mai. Ina hankali a nan?

Ga yadda ake yi. Motarka ta kwana ba ko ɗigo. Da safe gangara ta kai ka gidan mai kyauta. A nan ka sayi daidai abin da zai kai ka aiki ya dawo da kai, ba ƙari. In ka iya awonka, da yamma za ta hau tudun tana shessheƙa, ka juya ta, ta mutu da kanta a ƙofar gida. Ranar farko da tawa ta yi haka sai da na zauna a ciki na ɗan jima, don daɗi.

Amfanin ba ɗaya ba ne. Ba mai zuƙe maka mai, ba mai sace motar ya yi nisa, kuma maƙwabta za su daina zuwa aro. Ma'aikacin gidan man zai riƙa tarbarka da, "Yallaɓai, yau ma na ɗanɗano ne?" Ka bar shi, albashinsa ba daga aljihunka yake fita ba.

Da watan haihuwarta ya kama, matata ta same ni ina goge kwalin taya. Ta jawo kujera ta zauna da ƙyar.

"Ina roƙonka abu ɗaya. Ka cika tankin nan, ka juya motar ta kalli sama. Na 'yan kwanakin nan kawai. In na sauka lafiya ka mai da ita yadda kake so."

Na yi mata bayani a tsanake. In ta kalli sama ba za ta tashi ba, sai dai da baya, kuma jelar ba ta son ribas. In an cika tanki, nauyin zai cinye duk abin da muka tara. Ta ce to a ajiye galan ɗaya a gida. Na tuna mata fetur yana bin iska in ya zauna, ga shi warinsa yana tayar mata da zuciya. Na ce daga ƙofar nan zuwa gidan mai da dawowa, ai kafin a ɗaura ɗankwali na iso.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To."

Ka sani, duk sanda mace ta ce maka "to" gajere haka, ba ta ƙara komai ba, hujjarka ce ta shige ta. Tun daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, har fara'arta ta ƙaru.

Mataki na 9: Ranar gwaji, kada ka rikice

Kowane gyara yana da ranar da za a gwada shi. Tawa ta zo da safe, Ummi ta tafi makaranta, ina ɗaura agogo. Na fito na ga matata ta riƙe ƙyauren ɗaki da hannu biyu, goshinta ya jiƙe. Surukata tana bayanta da jakar kayan haihuwa.

"Baban Ummi, lokaci ya yi."

A nan ake gane gwani. Wani zai ɗebe su duka ya zuba a mota. Kai ka yi tunani: in ka sauka da su gidan mai, ka sake hawowa da su, ka ɗauki nauyin mutum uku, har da na ciki, sau biyu a banza, ga jijjiga. Kai kaɗai za ka sauka, ka sha mai, ka ɗauke su a hanyar hawa.

Na ce, "Ku zauna, yanzun nan."

Surukata ta buɗe baki, matata ta dafa hannunta. Ta ce da ni, "Je ka."

Na zare dutse, na faɗa ciki, muka silala. Ban taɓa jin daɗin gangarar nan kamar ranar ba, ko akuya ba ta gitta ba. Na shiga gidan mai na tarar an ja sarƙa a gaban famfuna, wata ƙatuwar tanka tana tsaye da bututunta a ƙasa.

"Yallaɓai, sai an gama sauke mai. Ba a sayarwa ana saukewa."

"Matata ce take naƙuda."

"Allah ya raba lafiya. Amma doka ce, wallahi ko kai ne mai gidan man."

Ka ga wannan ba laifin tsarin ba ne, laifin tanka ne. Ka tsaya. Kada ka duba agogo, ba zai rage komai ba. Na kira wayarta ba a ɗauka ba, na ce tana fama da kanta ne. Ɗan abin da ya rage a bututun motar ya ƙare tana tsaye, inji ya mutu.

Da aka sauke sarƙar na ji bakina ya ce, "Cika ta." Ma'aikacin ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai da ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

Filin gidan mai a shimfiɗe yake, ba gangara, ɗan batirin kuwa ko tari bai sa ta yi ba. A nan za ka ga ribar mataki na uku: mutum biyu kacal suka tura ta, har suna hira. Ta tashi, na juya na fuskanci tudu.

Na taka totur. Na sake takawa. Na miƙe tsaye a kansa, na riƙe sitiyari ina dannawa da duk ƙarfina, ina yi wa katako magiya da babbar murya. Aikin Ba-Matsala aiki ne, ko gezau. Motar ta riƙa hawa a natse, tanki cike, nauyin da ba ta taɓa ɗauka ba tun da ta zo hannuna. Ko a cikin wannan hali na lura da yadda take nishi, wato dai maganata ta mataki na takwas ta tabbata.

Na iso gida na ga kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga.

"Ai sun tafi tun ɗazu!"

Kada ka kashe mota don ka yi tambaya, hancinta sama yake kallo. Ci gaba da hawa.

Mataki na 10: Karɓi sakamakonka

A barandar ɗakin haihuwa na tarar da wani mutum a kan benci, siriri, da hular kamfanin burodi a kansa, jakar matata a kan cinyarsa. Mata biyu masu jiran nasu suna yi masa barka, shi kuma yana ta sunkuyar da kai. Wata nas ta fito da faranti a hannu, ta tare ni.

"Malam, wa kake nema?"

"Ni ne mijin wadda aka kawo ɗazu."

Ta dube ni, ta dubi mai hular. Mutumin ya miƙe da sauri ya miƙo mini jakar da hannu biyu.

"Yallaɓai, barka. Namiji ne, duk suna lafiya. Wallahi na ce musu ba ni ne mijin ba, ba su tsaya ji ba. Bari in gudu, burodin mutane yana cikin mota."

Na shiga. Tana kwance, fuskarta ta faɗa, yaron yana gefenta a naɗe cikin tawul. Surukata ta amsa gaisuwata tana kallon bango, ta tashi ta fita. Na fara bayanin tanka da sarƙa, tun daga farko, yadda abin ya faru.

Ta ce, "Ba komai, Baban Ummi. Ban yi fushi ba."

"Allah ne ya kawo mai burodin nan daidai lokacin."

Ta gyara wa yaron tawul. "Ba yau ya fara zuwa ba. Tun farkon wata na yi magana da shi. Kullum in ya sauke wa mai shagon layinmu, sai ya ɗan tsaya a ƙofarmu. In na leƙo na ɗaga masa hannu, ya wuce. Yau ban ɗaga ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai ka ce in riƙe ka. Ban so ka san na sake ka ba."

Ta faɗe shi a hankali, ba gori, har da ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa mara lafiya. Da ta zage ni a gaban nas-nas ɗin nan, da ta jefe ni da kofin da ke kusa da ita, da na fi samun sauƙi. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu bai daina ba. Ta ce in ɗauki yaron, na ɗauke shi.

To a nan ne darasin ya cika. Duk cire-ciren da ka yi a baya share fage ne. Mota tana kai ƙarshen tattali ne ranar da mutanen gidanka suka daina sa ran za ta kai su wani wuri. Ranar sallama ƙanin matata ne ya zo da tasi. Ummi yanzu da 'ya'yan maƙwabta take tafiya makaranta. Ba wanda ya hana ni komai, ba wanda ya ce mini komai, ba a dai tambayata ne. Man da na cika ranar nan ya daɗe a tanki har na gaji da ganin allurar a sama.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin fashewar taya, ko ciwon baya, ko zufar suruka, ko duk wani kwali da iska ta ɗauke ta manna wa na bayanka a gilashi. Ba shi da alhakin tankar da ta zo sauke mai, ko nas ɗin da ba ta tambaya kafin ta yi albishir. Abin da ya shiga tsakaninka da matarka kuma naku ne ku biyu, kada a kawo mini ƙara, ina da tawa. Wanda ya bi matakan nan ya isa a makare, shi ya jiyo. Ni rage shan mai kaɗai na yi maka alkawari, wannan kam na cika shi.